Babur ɗin Aroita Ba Ya Goyo

Jirgin ruwa daga birnin Tarawa ya iso tsibirin Nonouti ranar Talata da hantsi, ya tsaya can inda ruwa ke da zurfi, aka yi ta sauko da kaya cikin ƙananan kwalekwale. Shinkafa, gangunan fetur, naman gwangwani, sai wani dogon akwatin katako da maza huɗu suka ɗauko suna nishi. Sunan Nei Aroita ne a jikinsa.

Ba ta yarda a buɗe shi a bakin ruwa ba. Ta sa aka ɗora shi a amalanke aka turo har gida, amma hakan bai hana komai ba. Kafin ta ɓamɓare katako na biyu, rabin ƙauyen ya cika tsakar gidan Innarta. Babur ne ja, sabo fil, ko ledar kujerarsa ba a cire ba. Shekaru ta yi tana tsinkar tuffa a gonakin New Zealand, cikin sanyin da ke fasa yatsu, kuma abin da ta dawo da shi ke nan.

Baffanta Baraniko, wan mahaifinta marigayi, shi ya zo daga ƙarshe kamar yadda ya saba, aka dare masa hanya. Ya zagaya babur ɗin, ya shafa tanki, ya danna taya da babban yatsa.

"Wannan zai ja kaya," in ji shi. "Na Tioti ma bai kai shi ƙirji ba."

Na Tioti yana nan bayan madafa. Yayanta Tioti, ma'aikacin jirgin ruwa, shi ya aiko da shi shekarun baya, shuɗi, sabo kamar wannan. Ranar da ya iso aka ɗaura masa amalanke, aka loda buhunan busasshiyar kwakwa, mutum biyu suka hau, aka murɗe totur har ƙarshe don a ji ƙarfinsa. Kowa a dangi ya samu rabonsa. Bai shekara ba ya fara hayaƙi kamar ana gashin kifi, yana shan baƙin mai kamar ruwa. Ranar da numfashin Babansu ya sarƙe, da rana tsaka, a kansa aka ɗora shi za a kai shi asibitin da ke tsakiyar tsibiri. Babur ɗin ya tsaya musu a hanya. Aka buga, aka buga, ya ƙi tashi. A amalanke aka ƙarasa da Baba, Baraniko ke turawa da gudu, kuma da suka isa sai dai aka juyo da shi. A waya Aroita ta ji labari. Yanzu kaji ke yin ƙwai a ƙarƙashin shuɗin babur.

"Jibi ake awon kwakwa a rumbu," in ji Baraniko. "Bubuti, 'yata. Babur ɗin nan, da sassafe."

Ya faɗe ta ne kamar mai neman ashana. Haka ake faɗar ta. Kalmar ba ta bukatar ɗaga murya, don amsarta ɗaya ce. Wanda ɗan'uwa ya ce wa bubuti miƙawa yake yi, ko da rigar jikinsa ce, gobe shi ma ya faɗa wa wani. Da ita ake cin kifi a gidan nan tun rasuwar Baba, kuma daga kwalekwalen Baraniko kifin ke fitowa.

"A'a, Baffa," in ji Aroita.

Wata mata ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Da ta ga ita kaɗai ke yi sai ta rufe baki.

"Ba yanzu ba. Injin sabo ne. Sai ya zauna."

"Ya zauna? Jirgi ne ya gajiyar da shi?"

Wannan karon kowa ya yi dariya, har da jin daɗi, don Baraniko ya buɗe mata ƙofar da za ta fita ba kunya. Da ta yi dariyar ita ma ta miƙa makulli, da shi ke nan.

"Ƙarafan cikinsa ba su san juna ba tukuna," in ji ta. "Sai an bi shi a hankali, kilomita ɗari takwas. Ba kaya, ba goyo, ba murɗe totur. Daga nan a zubar da baƙin man farko. Sannan ka zo ka ja abin da kake so."

"Ɗari takwas. Ke, tsibirin nan daga wannan kai zuwa wancan bai kai arba'in ba."

"Sai in je in dawo."

"Ke kaɗai."

"Ni kaɗai."

Baraniko bai sake kallon ta ba. Innarta ya kalla, wadda ke zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafarta mai ciwo.

"Terenga, kin ji 'yarki," ya ce, ya juya. Mutane suka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya, ba mai sallama.

Sai da yamma Inna ta tayar da maganar, tana kankarar kwakwa a akushi.

"Da kin ce na coci ne."

"Ba na coci ba ne."

"Wa ya tambaye ki gaskiya? Ki ce na coci ne. Ki ce na Tioti ne bai ba da izini ba. Ki ce wani ƙarfe ya faɗa ruwa wajen sauke shi. Haka kowa ke yi. Ba mai yarda, amma ba mai jin kunya. Ke kuwa kin buɗe baki a gaban jama'a kin ce wa wan ubanki a'a, kamar Baturiya."

"In na ce na coci ne, ranar Lahadi fasto zai zo da tasa bubutin."

Inna ta so ta yi dariya, ta haɗiye. Ta nuna sama da wuƙar hannunta.

"Ɗaga kanki."

Aroita ta ɗaga. Jinkar ɗakin ta tsufa, ganyen ya yi baƙi ya rube, ana hango sama ta ƙananan huji.

"Wa ke mana yantar ganye? Maere matar Baraniko da 'ya'yanta mata. Wa ke hawa ya baibaye? 'Ya'yansa maza. Iskar yamma na nan tafe da ruwa. Da wane baki za ki je ki ce musu bubuti?"

"Ba zan ce ba."

"To."

"Inna, dubi ƙafarki. Ciwon suga ba ya komawa baya. Ranar da zan ɗora ki a kan babur ɗin nan, ina so in buga sau ɗaya ya tashi."

"Wa ya ce miki shirin mutuwa nake?" in ji Inna, ta ci gaba da kankara da ƙarfi.

Washegari Aroita ta tayar da shi. Ta bar shi yana ruri a hankali har jikinsa ya yi ɗumi, sannan ta hau. Ta tuna wani tsohon babur a gonar tuffa, wanda ya girme ta, har ta baro shi yana aiki. Mai gonar ya ce mata ba wani sirri, ubansa ne ya yi haƙuri da shi yana sabo. Ta bi hanyar arewa, hanya ɗaya tilo, farar tsakuwa tsakanin itatuwan kwakwa, ruwan tafki a hagu, rugugin teku a dama. Ba ta bar shi a gudu ɗaya ba. Ta ɗan ƙara, ta rage, ta sauya giya, ta sake ragewa, totur bai taɓa wuce rabi ba. Da ta ji zafin injin a ƙwaurinta ta tsaya a inuwa ta kashe, ta zauna tana jin ƙarfen yana ƙas-ƙas har ya huce.

Ranar awo ta tashi da asuba, ta bar babur a gida, ta taka zuwa gidan Baraniko. An riga an loda amalanke. Ita ce dai wadda aka tura Baba a kanta, an sake mata taya ɗaya.

"Ina kwana, Baffa. Na zo jan kwakwa."

"Ina babur ɗin?"

"Yana gida. Bayana na kawo."

Kabiri, babban ɗan Baraniko, ya tuntsire da dariya. "Baba, ka roƙi ja an kawo maka baƙa. Wannan ma ta zauna kuwa, ko sai an bi ta a hankali?"

"Rufe mini baki," in ji Baraniko. Ya juyo gare ta. "So kike a ce na ɗaura 'yar ƙanena a amalanke ga maza a tsaye? Koma gida."

Ba ta koma ba. Ta kama hannun amalanke ta danna, amalanken ta ƙi motsi, ta sa kafaɗa, sannan ta motsa. Kabiri ya bi ta don ya karɓa, ta ce masa in yana son aiki ya tura ta baya. Haka suka bi ta tsakiyar ƙauye, suka wuce gaban maneaba, babban zauren taron ƙauye, inda dattawa ke zaune suna shan taba, rana na hawa, tsakuwa na cin tafin ƙafarta. A ranta biya take yi. An roƙi abu ta hana, ta ba da wani a madadinsa. Sai da ta ga yadda dattawan suka daina hira suna bin ta da ido, sannan suka juya suna neman Baraniko da bai biyo su ba, ta gane ta ƙara masa kunya a kan kunya. Ta gane, amma ba ta saki amalanken ba sai a ƙofar rumbu.

Kifi bai daina zuwa ba. Baraniko ba irin mutanen nan ba ne. Da yamma Maere ta shigo da kifi ɗaya a kan ganye, inda da biyu ake kawowa, ta ajiye a gaban Inna.

"Na Terenga ne," ta ce, ba ta kalli kowa ba.

Inna ta raba shi biyu bayan Maere ta fita. Aroita ta mayar mata da nata rabin. Da ruwa ya janye ta ɗauki kwando ta shiga tafki tana tonon ƙumba a cikin yashi, abin da ba ta yi ba tun tana yarinya.

Kullum sai ta fita. Arewa, kudu, arewa. Ba gudun ne ya ci wa mutane rai ba, kujerar bayan ce. Babur ba ya wuce mai tafiya a ƙasa a Nonouti in da wuri a bayansa. Ita kuwa tana wuce mata da kwandunan gwaza a ka, tana wuce tsofaffi masu sanda, kujerar bayanta wayam, ledar ma tana nan. Da farko suna ɗaga hannu. Ta kan tsaya ta gaishe su, ta ce a yi haƙuri, ta wuce. Daga baya suka daina ɗagawa, suka koma baki.

"Nei Aroita, ya jinjirin? Ya fara haƙori?"

"A'a, ai ba a yaye shi ba."

"Ki lulluɓe shi da kyau kar iska ta kama shi."

"In ya girma ki ce masa goggonninsa suna gaishe shi. A ƙafa."

Wani lokaci tana ramawa. "Na gode, Goggo, zai ji. Shi ma yana tambayar naku, wai har yanzu yana tari?" Don kusan kowane gida akwai mataccen babur a bayan madafa, ko wanda sai an tura shi. Sai su yi tsaki, wasu su yi dariya a ɓoye.

Ranar Lahadi Inna ta sa fararen kaya ta tsaya kusa da babur ɗin.

"Ban ce bubuti ba. Tambaya nake. Ni ma?"

"Ke ma, Inna. Ga coci can, ana hango ta."

Ta riƙe mata hannu suka taka. A cikin coci matan da suka saba matsa musu wuri ba su matsa ba, suka zauna a bakin ƙofa.

Lambar da ke fuskar babur ta wuce rabi lokacin da fetur ya ƙare a tsibirin. Jirgi ya makara, ba wanda ya san ranar zuwansa. Mai shago ya kifar da gangarsa ta ƙarshe ya nuna mata. Babur ya tsaya. A makon nan iska ta juya ta fara kaɗowa daga yamma, tafki ya yi duhu, ruwa ya sauko.

Jinka ta yi abin da Inna ta ce za ta yi. Aroita ta hau da katakan akwatin babur da tsohuwar leda ta toshe inda ta iya. Wuri biyu suka rage a ɗakin da ba sa yoyo. Ta ja shimfiɗar Inna zuwa ɗaya, ta tura babur ɗaya, ita kuma duk inda ta zauna da kwano a gefenta. Ɗaurin ƙafar Inna ba ya bushewa. Inna ba ta ce na faɗa miki ba. Da ta faɗa da ya fi sauƙi.

Da rana, ruwa na zuba, Baraniko ya shigo da kansa, buhu a kansa maimakon laima. Ya gaishe da Inna, ya tambayi ƙafa, ya nemi wuri ya zauna. Ɗigon ruwa na sauka a gwiwarsa, bai matsa ba. Ya daɗe yana kallon jinkar.

"Ganye yana nan a gidana," ya ce. "Maere ta tara tun kafin ruwa. Yini biyu ya isa a rufe ɗakin nan."

Ya sauke ido daga jinkar ya kalli babur ɗin.

"Ina da fetur kuma, na injin kwalekwale. Kwakwata tana can gonar kudu a ƙarƙashin rumfa, danshi ya fara shigarta. Amalanke da hannu ba ta ratsa taɓon nan. Ni ina da mai, ke kina da babur." Ya goge fuska. "Ban taɓa faɗar kalmar nan sau biyu a kan abu ɗaya ba, Aroita. Bubuti."

Inna ta kalle ta. Ba ta yi mata alama ba, kallo kawai.

Aroita ta san hanyar gonar kudu. Taɓo har idon sawu, amalanke cike, giya ta ɗaya, injin na kuka tun daga can har rumbu. Yini ɗaya ne. Wataƙila ma ba abin da zai same shi da za a gani a bana. Na Tioti ma ba a ga komai ba a watannin farko.

"Ka san abin da ya kashe na Tioti, Baffa."

"Cewa kike ni na kashe ubanki?"

"Babur na ce."

"Dukanmu muka hau shi. Ubanki ma ya ja kaya da shi, har ya fi ni."

"Na sani. Shi ya sa ban ce kai ba."

"Ni na tura ubanki a amalanke ranar nan. Ke kina can kina tsinkar 'ya'yan itacen Turawa." Bai ɗaga murya ba. "Bari in faɗa miki abin da ba su koya miki a can ba. Ƙasar nan yashi ce da gishiri. Ba wanda ya taɓa rayuwa a kanta da abin hannunsa shi kaɗai. Yau kin ce babur ɗinki bai zauna ba. Gobe wani ya ce kwalekwalensa bai zauna ba. Jibi wata ta ce rijiyarta. To ranar nan uwarki me za ta ci? Abin da ba a iya roƙa a tsibirin nan, gara a jefa shi a teku."

Gaskiya ya faɗa, kuma ta san gaskiya ce. Ta kalli ɗaurin ƙafar Inna, ta kalli bayan madafa inda ruwa ke dukan shuɗin tanki.

"Abin da kowa ya roƙa ya mutu a shekara ɗaya, shi ma a teku aka jefa shi," ta ce. "Saura kaɗan, Baffa. Ka jira ni."

"Kwakwa ba ta jira."

"To a'a."

Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya yi wa Inna sallama, ya ɗora buhunsa a ka, ya fita cikin ruwa. Inna ta juya fuska ga bango.

"Kin yi kama da ubanki," ta ce can. "Ba yabo ba ne."

Jirgi ya zo bayan ruwa ya ɗan tsagaita. Aroita ta cika tanki ta koma hanya. Yanzu ba mai yi mata ba'a. An daina, kuma shirun ya fi ba'ar nauyi. Tana wucewa sai a juya ana gyara wani abu. Ta ci gaba da yadda ta saba, tana kauce wa kududdufai, tana ɗan ƙara totur fiye da da, tana saurare. Muryar injin ta sauya. Da can akwai wata tsauri a cikinta, kamar mai magana da haƙora a cije. Yanzu ya saki.

Ranar da lambar ta cika tana can kan arewa, inda hanya ta ƙare a bakin ruwa. Ba kowa sai tsuntsaye. Ta duba, ta juya babur ta dawo gida a hankali kamar kullum.

Tun injin da ɗumi ta tura tsohon kwano ƙarƙashinsa ta kwance noti. Baƙin man ya zubo. Ta ɗauki kwanon ta kai wa Inna a hasken rana ta karkata shi. A ƙasan man akwai wani ƙyalli, garin ƙarfe, mai laushi kamar ɓawon ƙananan kifi.

"Wannan ne?" in ji Inna. "Duk abin nan a kan wannan?"

"Shi ne. Gara yana kwano da yana ciki."

"Ko cokali bai cika ba."

Aroita ta ɗaure noti, ta zuba sabon mai, ta yage ledar kujerar baya.

"Tashi, Inna. A je a duba ƙafar nan."

Ta buga sau ɗaya ya tashi. Inna ta hau da ƙyar, ta zauna a karkace ta riƙe ƙugunta, tana cewa a yi a hankali. Amma da suka shiga tsakiyar ƙauye mutane suka ɗago kai, sai ta gyara zama ta ɗaga haɓa, har da ɗaga wa matan coci hannu. Sun wuce wurin da shuɗin babur ya tsaya da Baba. Duk su biyun sun san wurin, akwai wata kwakwa mai lanƙwasa a gefen hanya. Injin bai ko yi tari ba. Bayan wurin hanya ta miƙe, Aroita ta murɗe totur fiye da yadda ta taɓa yi, iska ta cika mata ido, Inna ta dake ta a baya.

Malamar asibiti ta wanke ciwon, ta yi faɗa a kan jiƙaƙƙen ɗauri, ta ce a riƙa kawo ta duk Alhamis.

Da ta sauke Inna a gida ba ta kashe injin ba. Ta wuce gidan Baraniko. Yana zaune a kan tabarma yana ɗinkin koma. A gefen gidan ga ganyen rufi an ɗaure dami-dami, an jingine a ƙarƙashin rumfa. Ta kafe babur a gabansa, ta zare makulli, ta durƙusa ta ajiye a bakin tabarmar.

"Ya zauna, Baffa."

Bai ɗago ba. "Ban roƙa ba."

"Ka roƙa, sau biyu. Amsar ce ta makara."

"Kwakwar ta yi fumfuna. Rabi aka zubar wa aladu."

"Na ji."

"Kin ji." Ya ja zare ya ƙulle. "Shi ke nan abin da za ki ce?"

"Alhamis ta Inna ce, asibiti. Sauran ranakun na dangi ne. A duba baƙin mai kafin a hau. Wanda ya bar shi ya ƙafe, shi ma zai ji a'a, ko wane ne."

Kabiri, da ke tsaye a bakin madafa, ya yi ƙaramar dariya. "Baba, an ba ka babur da sharaɗi kamar aure."

Baraniko bai kula shi ba. Ya ajiye koma, a karo na farko ya kalle ta sosai.

"An ce ɗakin uwarki na yoyo."

"Yana yoyo."

Ya jira. Maere ta fito daga madafa ta tsaya da ludayi a hannu, ita ma tana jira. Ganyen yana nan, taku kaɗan daga inda Aroita ke durƙushe. Kalma ɗaya ce, kuma ta san ba za su hana ba. Ba su iya hanawa ba. Gobe da safe matan za su zauna yanta, jibi maza su hau, kuma duk ƙauyen zai ji cewa wadda ta ce a'a sau biyu ta zo ta buɗe baki.

"Ba za ki faɗa ba," in ji Baraniko.

"Wadda ta hana ba ta roƙo, Baffa. A gidan nan na koya."

Ta miƙe ta yi musu sai an jima, ta kama hanya a ƙafa. Ba ta bi ta ƙauye ba. Ta ratsa ta gefen teku, inda itatuwan ganyen rufi ke zubar da busassun ganyensu masu ƙaya. Ta taɓa ganin yadda ake yi tun tana ƙarama: a tsince, a jiƙa, a murje, a naɗe a jikin sanda a soke. Inna ta iya, hannunta lafiya lau yake, ƙafar ce kawai. Hawa sama kuwa ta riga ta hau sau ɗaya ba ta faɗo ba.

Tana tsinta ƙaya na yankar yatsunta sai ta ji babur ɗin daga nesa. Bugu ɗaya, ya tashi. Ta tsaya da ganye a hannu tana saurare. Wanda ya hau bai san a hankali ba, ya murɗe shi tun daga ƙofar gida, Kabiri ne ba shakka. Injin ya ɗauka, ya hau, muryarsa tas, ba tari ba kakari, har ta ɓace a hanyar kudu.

Ba ta juya ba. Ta ɗaure damin farko da igiyar kwakwa, ta ajiye, ta fara na biyu. Sama ta sake haɗowa ta yamma, kuma ɗaki ɗaya ganye da yawa yake ci.